Bayan An Fito Tiyata: Yadda Jama'ar Coci A Amurka Ke Tallafar Iyalin Wanda Aka Yi Wa Dashe

Na san kin taɓa jin an ce an yi wa wani dashen ƙoda, aka yi ta barka da arziki ana cewa an fito lafiya, daga nan kowa ya kama gabansa. Abin da ba a cika faɗa miki ba shi ne, ranar da likita ya ajiye almakashi, ranar ce ɗawainiyar iyali take somawa. Aikin dashen ƙoda yakan ɗauki kamar awa uku zuwa huɗu, jinyarsa ta ci watanni, shan maganinsa kuwa babu ranar dainawa matuƙar ƙodar tana aiki.

A wannan watan zan kai ki Amurka, ki ga yadda jama'ar coci suke ɗauke wa irin wannan iyali nauyi, domin akwai abin lura a cikin tsarin nasu.

Me ya sa jinyar dashe ta fita daban?

A shekarar 1954 aka fara yin dashen ƙoda da ya yi nasara, a birnin Boston, a hannun Dokta Joseph Murray. Dalilin nasarar kuwa shi ne, wanda ya bayar da wanda ya karɓa tagwaye ne masu kama ɗaya, don haka jiki bai ɗauki sabuwar ƙodar a matsayin baƙuwa ba. Ga sauran mutane ba haka abin yake ba. Garkuwar jiki takan far wa duk abin da ba ta sani ba, ko ƙoda ce, ko hanta, ko zuciya. Sai da aka amince da maganin Cyclosporine a Amurka a 1983 sannan dashe ya bunƙasa sosai. A yau wanda aka fi bayarwa shi ne Tacrolimus, wanda galibi ake sha sau biyu a rana, awa 12 tsakani, ba a tsallakewa.

To amma kin san kowane allazi da nasa amanu. Maganin da ya kwantar da garkuwar jiki don ta ƙyale ƙoda, shi ne kuma ya bar jiki a buɗe ga cututtuka. Murar da ke za ki shanye a tsaye, shi tana iya mayar da shi gadon asibiti. Saboda haka a makonnin farko ba ya tuƙi, ba ya ɗaukar kaya mai nauyi, ba ya shiga cunkoso, ga kuma komawa asibiti gwajin jini sau biyu ko uku a mako. Wanda aka yi wa dashen ɓargo daga jikin wani kuwa, akan buƙaci ya zauna kusa da asibiti kimanin kwana 100, da mai kula da shi dare da rana. Kada kuma ki manta, idan matarsa ce ko ƙaninsa ya ba shi ƙodar, to marasa lafiya biyu ke nan a gida ɗaya.

Shi ya sa asibitocin dashe a Amurka, kafin su sa mutum cikin jerin masu jira, sukan tambaye shi: wa zai kula da kai bayan aiki? Wa zai riƙa kawo ka asibiti? Rashin gamsasshiyar amsa yana iya jinkirta sa sunansa. Ga shi kuma ƙasa ce da ɗa kan zauna nisan dubban kilomita daga iyayensa, babu dangi a bayan katanga. A nan ne coci take shigowa ta tsaya a matsayin dangi.

Tausayi a kan takarda

Mu ƙaddara ga wani magidanci mai 'ya'ya uku da aka sallamo bayan dashe, matarsa kuma ita ce mai jinya. Abu na farko da jama'ar cocinsu kan yi shi ne naɗa mutum guda, sau da yawa mace, ta zama ita ce tsani tsakanin gidan da sauran jama'a. Duk mai son taimakawa ita zai nema, duk mai son jin yadda jiki yake ita zai tambaya. Kin ga an hutar da matar gida daga amsa waya hamsin a rana tana maimaita magana ɗaya.

Sai kuma jadawali. Akan rubuta kwanakin wata biyu ko uku masu zuwa, kowane gida ya ɗauki ranar da zai kawo abincin dare. Ba a barin kowa ta dafa abin da ta ga dama. Akan raba wa masu girki ƙa'idojin da asibiti ya bayar: nama da ƙwai su dahu sarai, babu madarar da ba a tafasa ba, a rage gishiri, sannan babu lemon garehul ko ruwansa, domin yana sa maganin ya taru a jini fiye da ƙima. Wasu gidajen sukan ajiye kula a bakin ƙofa, mai kawo abinci ta saka a ciki ta juya, ba sai ta shiga ta gaisa ba. Wadda take tari ko ɗanta yake zazzaɓi, sai ta yi musayar rana da wata.

Bayan girki akwai jadawalin masu mota, waɗanda za su kai shi gwajin jini da sassafe, yawancinsu dattawan da suka yi ritaya. Akwai masu kai yara makaranta su ɗauko su, da masu sayayyar kasuwa, da samarin da za su yanke ciyawar tsakar gida, tunda an hana mara lafiyar taɓa ƙasa da taki saboda ƙwayoyin cutar da ke ciki. Shi kansa faston idan zai zo, sai ya yi waya tukuna, ya wanke hannu, ya taƙaita zama.

Babu wani abin mamaki a cikin waɗannan ayyuka ɗaya bayan ɗaya. Sirrin yana cikin rabon: kowa ya ɗauki abin da ba zai gajiyar da shi ba, sai taimakon ya kai wata na uku, lokacin da 'yan dubiya suka daɗe da ɗauke ƙafa.

Batun kuɗi

Ko mai inshorar lafiya ba ya tsira daga kashe kuɗi. Ga kuɗin masauki kusa da asibiti, ga mai, ga albashin da ya tsaya. Shekaru da dama, shirin gwamnati na Medicare yana daina biya wa 'yan ƙasa da shekara 65 kuɗin maganin bayan wata 36 da dashen ƙoda, sai a Janairun 2023 aka soma wani tsari da ya toshe wannan giɓi ga waɗanda ba su da wata inshora. Don haka coci-coci sukan shirya cin abincin tara gudunmawa, mata su toya kayan ƙwalam su sayar, a ware baiko na musamman.

Akwai wani labari da ya kamata ki ji. A 1986 mutanen garin Bloomington da ke jihar Indiana suka tara dala 100,000 cikin ƙasa da mako takwas, domin wani ƙaramin yaro mai buƙatar dashen hanta. Kafin a samu hantar sai yaron ya rasu. Iyayensa da waɗanda suka yi tarin ba su watse ba, suka juya kuɗin ga wasu iyalai, daga nan aka haifi ƙungiyar COTA mai taimakon yaran da ke buƙatar dashe. Ita take riƙe abin da jama'a suka tara, tana biya bisa shaidar abin da aka kashe, don kada kuɗi ya haifar da zargi tsakanin masu bayarwa da iyali.

Mai jinya ma tana buƙatar jinya

Uwargida, ke kin fi kowa sanin wannan. Kowa tambayarsa ya mai jiki, babu mai cewa ke fa, kin yi barci? A 1975 wani fasto kuma masanin halayyar ɗan'adam mai suna Kenneth Haugk ya kafa shirin Stephen Ministries a birnin St. Louis. Akan horar da 'yan coci na tsawon awa 50 a kan sauraro da riƙe sirri, sannan a haɗa kowane da mutum guda mai cikin damuwa, mace da mace, namiji da namiji, su zauna kamar awa ɗaya duk mako. Wasu matan kuma sukan karɓi zaman jinya na rabin yini, don matar gida ta samu ta yi wanka a natse ta runtsa.

Mu dawo gida

Wannan batu bai yi mana nisa ba. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya soma dashen ƙoda tun 2002, wasu kuma sukan fita Indiya ko Masar su dawo gida jinya. Mu ba a bar mu a baya ba wajen zumunci, haka ma maƙwabtanmu Kirista da ƙungiyoyinsu na Zumuntar Mata. Inda muke da gyara shi ne tsari. Mukan cika ɗaki maƙil a makon farko, kowa da kwanonsa, ana musabaha ana miƙa jarirai, bayan wata guda kuma sai gida ya yi tsit. Ga wanda aka yi wa dashe, cikar farkon haɗari ce, shirun ƙarshen kuma kaɗaici.

Don haka idan abin ya faru a danginku ko unguwarku, ki zama ke ce mai takarda da biro. Ki tambayi matar gidan abin da likita ya hana, ki raba kwanaki tsakanin matan gidan biki ko 'yan adashinku, ki nemi wanda zai ɗauki nauyin zuwa asibiti, ki kuma sa a riƙa rubuta duk abin da aka tara. Maganin wata-wata shi ya fi karya iyali, saboda haka naira kaɗan duk wata daga mutum ashirin ta fi dunƙulen rana ɗaya amfani. Wadda kuma ta ji haushi don an ce ta tsaya daga ƙofa, ki lallashe ta, ki nuna mata cewa nisantar ma dubiya ce. Hannu ɗaya dai ba ya ɗaukar jinka.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya saka wa masu jinya da alheri. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.