Fim ɗin 1953 da har yau yake tayar da tsigar jiki

Wanda ya taso a Nima ko Maamobi zamanin gidajen bidiyo, lokacin da ake zana tallan fim a buhun fulawa, ya san daɗin fim mai ban tsoro. Invaders from Mars na 1953 yana cikin kakanninsu. Kuɗi kaɗan aka kashe masa, har zif ɗin rigar dodannin ana hangowa.

Yaro ya ga jirgin halittun Mars ya nutse cikin yashi a bayan gidansu. Babansa ya je dubawa, ya dawo da tabo a ƙeya, babu fara'a, babu tausayi. Da a Zango ne, sai a ce shafar aljanu, a kira malam. To yaron fa, wa zai kai wa kuka? Shugaban 'yan sandan ma an riga an juya masa kai.