Daren Masu Ciwon Ciki a Sashen Gaggawa

Kafin a kira sallar isha'i, barandar sashen gaggawa na wani babban asibiti a Arewa ta riga ta cika da tabarmi da kuloli da butoci. Masu jinya sun yada zango. A kan gadaje kuma, da yawa daga masu jiran likitan tiyata kukansu ɗaya ne: ciki.

Likita ba ya farawa da na'ura. Sai ya murza tafukansa su yi ɗumi, ya sa mara lafiya ya kwanta rigingine ya ɗan tanƙwashe gwiwoyi, sannan ya ce, "Baba, a ina ya fara? Nuna min da yatsa ɗaya." A wurin likita ciki kashi huɗu ne, cibiya ce mahaɗarsu. Sama ta dama akwai hanta da matsarmama, sama ta hagu tumbi da saifa. A ƙasa ta dama ne ƙaramin hanji, mai tsawon kusan mita 6, yake haɗuwa da babba, kuma a nan apendis yake. Ciwon da ya taso daga zagayen cibiya, bayan 'yan sa'o'i ya gangara ƙasa ta dama ya kafe, apendis ake fara zargi. Charles McBurney, likitan Amurka, shi ya bayyana wannan gurbi a 1889, kuma har yau da sunansa ɗalibai ke kiran wurin.

Abin da ya fi tayar wa ma'aikatan hankali, musamman da damina, shi ne taifod da ya huda hanji. Ga wani yaro a gadon kusa da ƙofa, idanu sun faɗa, leɓe ya bushe, ciki ya kumbura ya yi tauri kamar katako. A gefen cibiyarsa akwai sabuwar tsagar wanzami. Mahaifiyarsa ta ce zazzaɓin ya kusa mako uku. An sha maganin maleriya daga kemis, an sha jiƙo, sai da ciki ya murɗa da asuba aka nemo mota. Ƙwayar Salmonella Typhi, mai haddasa taifod, tana shiga jiki ta ruwa ko abincin da bayan gida ya gurɓata, ta yi ta cin bangon ƙarshen ƙaramin hanji har ta ɓula shi, galibi a mako na biyu ko na uku. Daga nan ƙazanta ke kwarara cikin ciki. Hoton ƙirji kan nuna iska ta taru a ƙarƙashin tantanin da ya raba ƙirji da ciki.

Ba a shiga tiyata da gaggawar da iyaye ke so. Sai an yi ƙarin ruwa, an zura roba ta hanci, an sa ta fitsari, an fara allurar kashe ƙwayoyin cuta. A wannan tsakani kawun yaron ke ta buga waya yana neman mai ba da jini da kuɗin magani. Idan hujin ɗaya ne, a ɗinke. Idan hanjin ya lalace sosai, a yanke ɓangaren, wani lokaci a fito da bakinsa ta jikin ciki a maƙala jaka har ya warke. Wannan jaka na firgita iyaye mata ƙwarai, alhali sau da yawa ita ke ceton rai, kuma daga baya ana mayar da hanjin.

A gadajen maza akwai manomin da ƙabarsa ta shaƙe bayan shekaru yana danne ta da hannu, da direban da gyambon ciki ya fashe masa saboda yawan shan maganin ciwon jiki.

Kusan dukansu jinkiri ne ya kai su ga wuƙa. Zazzaɓin da ya ƙi sauka bayan kwana uku na buƙatar gwaji a asibiti. Idan kuwa ciki ya yi tauri farat ɗaya, kada a ba da abinci ko maganin wankin ciki, a ɗauko mara lafiya a daren. Ruwan sha kuma, jama'a, a tafasa shi.