Kwamfutarka Lafiyarta Ƙalau, Yatsanka Ne Ya Taɓo

Ga wasu matsaloli, duk daga madannan kwamfuta mai Windows. Wani lokaci abin da ake kai wa mai gyara a guje, taimako ne da aka tanadar wa masu buƙata ta musamman.

Danna Shift sau 5 a jere, sai kwamfuta ta yi 'yar ƙara ta kawo Sticky Keys, wanda ke bai wa mai aiki da hannu ɗaya damar danna Ctrl da C ɗaya bayan ɗaya. Masu wasan gem ne suka fi faɗawa ciki, kuma wani dannan sau 5 ke kashe shi. Ta inda aka hau, ta nan ake sauka!

Ka ɗora yatsa a Shift na dama kana tunani har daƙiƙa 8? To, ka kunna Filter Keys, mai yin biris da dannan gaggawa saboda masu karkarwar hannu. Sake riƙe shi daƙiƙa 8 ya tafi. Mai tunani, ɗaga yatsa tukuna!

Riƙe Num Lock daƙiƙa 5, sai kwamfuta ta riƙa ƙara duk sanda aka taɓa Caps Lock, domin mai raunin gani ya san ya shiga manyan baƙaƙe. Kukan kurciya jawabi ne!

Kwamfuta ta fara magana ita kaɗai cikin dare? Narrator ne, mai karanta wa makafi abin da ke allo, kuma haɗa madannin Windows da Ctrl da Enter ke tashinsa, shi ke kwantar da shi. Ba sai an kira mai ruƙiyya ba!

Alt na hagu da Shift na hagu da Print Screen na iya mai da allo baƙi wuluk, rubutu ya fito fes. Maimaita su ukun, launi ya dawo. Allo bai ƙone ba, rini aka yi masa!

Rubutu ya kumbura ya cika allo? Madannin Windows da alamar tarawa ne suka kira gilashin ƙara girma, Windows da Esc kuma su sallame shi. Kumburin da ba ya son magani!

Mai son hutu gaba ɗaya ya danna Windows da U, ya shiga sashen madannai ya kashe gajerun hanyoyin nan na Shift da Num Lock. Amma in kwamfutar ta gida ce ko ta ofis, a tambaya tukuna, wataƙila wani da su yake aiki. Kuɗin gyara kuwa a ƙara a cefane!