Kano Pillars ta ƙwallon kwando: Zakaran da birni ya manta da carar sa

Kwanakin baya, ana dab da tashi daga darasi, na jefa wa ɗalibaina wata tambaya da ba ta cikin manhaja. Na ce da su, sau nawa Kano Pillars ta ɗauki kofin gasar ƙasar nan? Kafin in rufe baki aji ya ɗauka baki ɗaya: "Sau huɗu, Malam!" Wani ma ya jero shekarun, 2008 da 2012 da 2013 da 2014, kamar mai biya hadda. Na ce ya yi daidai, amma wannan lissafin na ƙwallon ƙafa ne, na ƙwallon kwando fa? Sai aji ya yi tsit. Can wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ashe Pillars tana da ƙungiyar ƙwallon kwando?"

Ban ga laifinta ba. Laifin namu ne, mu da muka gani da idanunmu amma muka kasa rubutawa. Ni a cikin ganuwa aka haife ni, a wata unguwa da ba ta da nisa da Ƙofar Mata. Duk baƙon da ya zo Kano, marinar Ƙofar Mata ake kai shi ya gani, duk mai son tamaula kuwa filin wasa na Sani Abacha ya sani. Kaɗan ne ke tuna cewa a wannan yanki dai akwai rufaffen ɗakin wasa, inda wata ƙungiya ta shafe shekaru tana ɗaga sunan Kano. A nan na fara ganin ƙatti masu tsawon da sai sun sunkuya kafin su shiga zauren gidanmu, suna gudu da tsalle kamar ba su da nauyi. Har yau ƙarar takalmansu a kan daɓe ba ta fita daga kunnena ba.

Ga abin da ɗalibaina ba su sani ba. Tsakanin 2008 da 2017, ƙungiyar ƙwallon kwando ta Kano Pillars ta ɗauki kofin gasar Firimiya ta Najeriya sau bakwai: a 2008 da 2009 da 2010, sannan 2013 da 2014, sai kuma 2016 da 2017. Ke nan cikin kakar wasa goma, sau uku kacal kofin ya kuɓuce mata. Royal Hoopers ta Fatakwal ta karɓe shi a 2011 da 2012, Mark Mentors ta Abuja ta ɗauka a 2015. A shekarun 2008 da 2013 da 2014 kuwa, Kano ce ke riƙe da kofin ƙwallon ƙafa da na ƙwallon kwando a lokaci guda. Mun cika tituna muna kirarin "Sai Masu Gida" saboda na farkon, na biyun ya shigo gari ba ko guɗa.

Bajintar ba ta tsaya a gida ba. A watan Disamba na 2016, a gasar zakarun ƙungiyoyin Afirka da aka yi a Alƙahira, Al Ahly ta Masar ta zo ta ɗaya, Libolo ta Angola ta zo ta biyu, Kano Pillars ta zo ta uku. Wanda ya san wasan ya san nauyin wannan matsayi, domin ƙungiyoyin Masar da Angola sun daɗe da kafa kahon zuƙa a wannan fage, suna da kuɗi da kayan aiki da ɗakunan wasan da namu ba su kama ƙafarsu ba. Yabon gwani ya zama dole. Koci Sani Ahmed, wanda ya daɗe yana horar da ƙungiyar, da kyaftin Abubakar Usman, wanda ya sa rigar Najeriya yana ɗan wasan gida, da sauran abokan aikinsu, sun cancanci a san sunayensu a kowane zaure na birnin nan.

A ganina sirrin wannan nasara bai wuce ɗorewa ba. Ƙwallon kwando wasa ne na mutum biyar-biyar, kuma daƙiƙa 24 kawai ake ba ƙungiya ta jefa ƙwallo ga kwando ko ta rasa ta. Babu lokacin shawara a cikin fili. Sai 'yan wasan da suka daɗe tare, kowa ya san inda ɗan'uwansa zai tsaya tun kafin ya tsaya, su ke cin nasara. Pillars ta samu mai horarwa da aka bari ya zauna, da 'yan wasan da suka yi shekaru suna cuɗanya, da gasar da ake bugawa kowace shekara, an raba ta shiyyar Savannah ta Arewa da shiyyar Atlantic ta Kudu, ga kamfanin DStv yana ɗaukar nauyi. Da aka taɓa ɗaya daga cikin waɗannan duwatsun murhu, sai tukunya ta karkace.

Abin takaici, a Kano tsagewar bangon ta fara bayyana. A watan Yuni na 2017 aka yi zaɓe biyu na shugabancin Hukumar Ƙwallon Kwando ta Najeriya: ɗaya a Kano, wanda ya ba Tijjani Umar nasara, ɗaya a Abuja washegari, wanda ya ba Musa Kida. Ba hurumina ba ne in ce wane ne mai gaskiya. Abin da kowa ya gani shi ne, rikicin ya ɗauki shekaru, gasar cikin gida ta koma yau a yi, gobe a fasa, masu ɗaukar nauyi suka ja da baya, 'yan wasa suka watse neman abinci. Har ta kai a watan Mayu na 2022 Gwamnatin Tarayya ta sanar da janye ƙasar daga wasannin duniya na shekara biyu. Ko da yake an soke matakin bayan 'yan makonni, 'yan wasanmu mata sun riga sun rasa gurbinsu a gasar cin kofin duniya ta wannan shekara, aka ba Mali.

Duniya kuwa ba ta jira mu ba. A 2021 hukumar NBA ta Amurka da hukumar FIBA suka buɗe sabuwar gasar ƙungiyoyin Afirka mai suna BAL a Kigali ta ƙasar Ruwanda, gasar da ta zo da kuɗi da talabijin da idon masu neman 'yan wasa. Daga 2021 zuwa 2024, wakilcin Najeriya a cikinta bai wuce hannun Rivers Hoopers da Kwara Falcons ba, har Rivers Hoopers ta zo ta uku a 2024. Mai karatu ya lura, wannan Rivers Hoopers ita ce Royal Hoopers ta da, wadda Pillars ta sha kokawa da ita. Lokacin da kasuwa ta ci, rumfar Kano ce a rufe.

Wani zai ce, a garin da ake fama da tsadar abinci da rashin aikin yi, mene ne na damuwa da wasan jefa ƙwallo a kwando? Amsata tana cikin lungunan birni. Duk wanda ya tashi a cikin ganuwa ya san yadda filayen da muka yi wasa a cikinsu muna yara suka zama shaguna da gidaje. Yaro mai jini a jika, idan bai samu inda zai ƙone ƙarfinsa ba, akwai masu jiran sa a bakin lungu da ƙwaya da makami. Filin ƙwallon ƙafa na ƙa'ida yana cin kimanin mita 105 a tsawo da 68 a faɗi. Na ƙwallon kwando mita 28 ne da 15, wato ƙasar fili ɗaya na tamaula ta kai ta filayen kwando 17. Birni mai cunkoso irin namu, wannan ne wasan da ya dace da shi, domin harabar makarantar firamare ma ta ishe shi.

Kada kuma a ce wasan baƙo ne a ƙasar Hausa. A Zariya Masai Ujiri ya tashi, a nan ya fara riƙe ƙwallo, a garin da Ba'amurke Oliver Johnson ya shafe shekaru yana horar da matasa a Jami'ar Ahmadu Bello. Ujiri ne shugaban ƙungiyar Toronto Raptors lokacin da ta ɗauki kofin NBA a 2019. Abin da fili ɗaya da malami ɗaya suka haifar a Zariya, me zai hana goma su haifar a Kano?

Kirana uku ne. Na farko ga gwamnatin jiha, mai ƙungiyar: a ba ta kasafin da aka sani, a biya 'yan wasa a kan kari, a kula da ɗakin wasan Ƙofar Mata. Na biyu ga attajiranmu na Kantin Kwari da Singa da sauran kasuwanni: daɓe da sanduna biyu da kwanduna biyu a makarantar unguwa, tare da tsohon ɗan wasan Pillars yana koyarwa bayan La'asar, alheri ne da za a daɗe ana mora. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Na uku gare mu malaman jami'a da 'yan jarida: waɗanda suka ciyo kofunan nan da yawansu suna raye, suna yawo a cikinmu. Mu zauna da su, mu naɗi muryoyinsu, mu tattara hotunansu tun kafin lokaci ya ƙure. Garin da ya adana sunayen sarakunansa na kusan shekara dubu bai kamata ya kasa adana tarihin shekara goma ba.

Ɗalibar da ta yi mini waccan tambaya ta dawo bayan mako guda, ta ce ƙanenta mai shekara 13 ya fi duk 'yan gidansu tsawo, tana son sanin inda za ta kai shi ya koyi wasan. Na kwatanta mata Ƙofar Mata. Fatana shi ne idan sun je su tarar da ƙofa a buɗe, da mai karɓar su a ciki. Allah Ya sa mu dace.