Bashin turka: a yi lissafin ruwa kafin a sa hannu

Ƴan'uwa makiyaya da manoma, duk shekara in Layya ta gabato mutane da yawa suna ɗaukar bashi, a asusu ko wajen ɗan kasuwa, don su sayi raguna su turke. Ana lissafin dusa, harawa, gurya da maganin tsutsa, amma ruwan kuɗin sai ranar biya ake tuna shi. Lissafinsa kuwa bai wuce ninkawa da rabawa ba. Halaccin ruwa ko haramcinsa magana ce ta malamai. Mu namu shi ne kar a cuci kowa don bai iya lissafi ba.

Abu huɗu ke cikin bashi: uwar kuɗi (U), kashi nawa cikin 100 ake ɗorawa (K), lokaci (L), da ruwan kansa (R). Ga yadda suke haɗuwa:

R = U × K × L ÷ 100

Misali, ka ɗauki jika 100, wato sefa 100.000, kashi 2 cikin 100 a wata, wata 4. 100 × 2 × 4 ÷ 100 = jika 8. Za ka maida jika 108. A lura: in kashin na wata ne, lokaci ma a ƙirga shi da wata; in na shekara ne, da shekara. Nan mutane suka fi faɗuwa.

In ka san uku daga cikin huɗun, na huɗu ba ya ɓuya. Alamar = kamar mangalar jaki take: abin da ka yi wa ɓangare guda, yi wa ɗayan, in ba haka ba kaya su karkace.

Ɗan kasuwa ba ya maganar kashi. Cewa zai yi: "Ga jika 50, bayan wata 3 ka kawo 65." Ruwa ke nan jika 15. K ce ba mu sani ba:

15 = 50 × K × 3 ÷ 100

Ninka kowane ɓangare da 100: 1.500 = 150 × K. Raba kowane da 150: K = 10. Kashi 10 a wata, wato kashi 120 a shekara! A farkon 2014, a ƙasashen da ke ƙarƙashin babban banki BCEAO, har da Nijar, an tsaida wa asusai iyakar kashi 24 a shekara. Bashin nan ya ninka wannan iyaka sau biyar, amma da yake jika 15 kawai kunne ya ji, sai a yi godiya a tafi. Da kashi 2 ne a wata, jika 3 za ka biya.

Wata tambaya: nawa ya kamata in ɗauka? A ce ka duba kasuwar bara, ka cire kuɗin abincin bisashe da wahalarka, ka ga jika 135 ne iyakar abin da za ka iya maidawa. Kashi 2 a wata 4 ya zama kashi 8, don haka kowace jika 100 za ta koma 108:

U × 108 ÷ 100 = 135

135 × 100 = 13.500, a raba da 108, U = jika 125. Kar ka wuce nan, ko da mai asusu ya ce akwai ƙari. A ganina ma gara ka sauko ƙasa, don rago na iya kamuwa da ciwo, kasuwa kuma na iya faɗuwa ana jibi Salla in raguna sun yi yawa.

Lissafin nan na bashin da ake biya gaba ɗaya ne a ƙarshe, wanda ruwansa ba ya haihuwar wani ruwa. In kowane wata ake biya, tambayi ma'aikacin asusu ko a kan sauran bashin ake ɗora ruwa, ko a kan uwar kuɗin duka. Kuɗin buɗe takardu da tarar jinkiri ma a rubuta maka su. Wanda bai yi boko ba ya tafi da yaron da ke lakkwal, ko ya biyo ta ofishin kiwo da takardar kafin ya dangwala yatsa.