Daga Gashin Awaki Zuwa Igiyar Ƙarfe: Tarihin Alfarwa

Da yawa daga cikinmu mun yi sujada a ƙarƙashin rumfa ko tanti kafin ikilisiyarmu ta sami kuɗin kwano. Mukan ɗauka gini ne na marasa hali. Amma fa alfarwa tana da dogon tarihi.

Makiyayan hamadar Larabawa sun daɗe suna saƙa alfarwa da gashin baƙaƙen awaki. A lokacin zafi iska tana ratsa saƙar, in kuwa ruwa ya sauka sai zaren ya kumbura ya toshe kafofin. Littafin Fitowa ya nuna cewa labule 11 na gashin awaki aka rufe alfarwa ta sujada da su. Manzo Bulus ma ɗinkin alfarwa ce sana'arsa, ita ya yi tare da Akila da Bilkisu.

Ina asirin yake? Bango yana tsayuwa ne da nauyinsa, alfarwa kuwa da ja take tsayuwa. Dirka ta tokare sama, igiya ta ja ƙasa, turke ya riƙe. Shi ya sa kaya kaɗan suke rufe fili mai faɗi.

A shekarar 1896, injiniya Vladimir Shukhov ya rataya rufin ƙarfe a wajen baje koli na Nizhny Novgorod, ƙasar Rasha. Bayansa sai Frei Otto, Bajamushe, wanda aka tsare a sansanin fursunonin yaƙi kusa da Chartres a Faransa, inda ƙarancin kayan gini ya koya masa tattali. Yakan tsoma zoben waya cikin ruwan sabulu, domin fatar kumfar da kanta take neman siffar da ta fi cin kaya kaɗan. Da wannan ilimi ya tsara rumfar Jamus a Montreal a 1967, ya kuma sa hannu a rufin filin wasannin Olamfik na Munich a 1972. Ya rasu a 2015, shekarar da aka ba shi kyautar Pritzker. A filin jirgin saman Jidda ma, tantuna 210 ne suka zama rufin zauren alhazai da aka kammala a 1981.

Saboda haka, 'yan'uwa, kada mu rena rumfar taronmu. Sai dai mu tuna, rufi marar nauyi iska ce abokiyar gabarsa. Kafin hadarin farkon damina, a kafa turaku da zurfi, a ja igiyoyi su yi tauri, a kuma karkata tamfol yadda ruwa ba zai kwanta a kansa ba.