Motar Gwanjon Amurka da Kuɗin Gyaranta



Duk wanda ya saki buhunansa kuɗi suka zauna masa, abin da zuciya take fara raya masa shi ne mota, domin ya huta da jiran lodi a bakin titin Katsina. Dillalan mota kuwa sun san wannan lokaci kamar yadda muka san ranar kasuwa. Sai ka ji an ce ga wata Sienna ko Camry 'yar Amurka, ba a taɓa yi mata lamba a ƙasar nan ba, kuma kuɗinta bai kai na 'yan'uwanta ba. To, a tambaya: me ya karya farashin?

A Amurka idan mota ta yi haɗari, ko ambaliya ta cinye ta, kamfanin inshora yakan ƙiyasta kuɗin gyara. In ya ga zai cinye yawancin darajarta, a jihohi da dama kashi 75 cikin 100, sai ya biya mai ita ya karɓe ta, hukuma kuma ta ba ta takardar shaidar ta tashi daga aiki. Daga nan sai filin gwanjo irin na Copart da IAA, inda mutanenmu suke tayawa ta intanet. A sa ta a jirgin ruwa zuwa Ikko ko Kwatano, a buge lotsawar, a cike, a fesa fenti, ta iso Kano tana walƙiya. Waccan takarda ba a cika nuna wa mai saye ba, ta kwastan kaɗai zai gani.

Ba dukkansu ne abin gudu ba. Wadda ƙofa ko goshi kurum ya bugu, in an gyara da gaskiya, sai ta shekara da shekaru tana aiki. Guda biyu ne abin tsoro. Ta farko wadda shasinta ya karkace: za ta riƙa cin taya ta gefe guda, tana jan sitiyari, balle a ɗora mata buhu shida a hanyar ƙauye. Ta biyu, wadda ta fi sharri, ita ce wadda ta kwana cikin ruwa. A 2017 guguwar Harvey ta nutsar da dubban ɗaruruwan motoci a birnin Hustan da kewaye, kuma irinsu gwanjo suke ƙarewa. Ita kamar geron da laima ta shiga ne, bakin buhu fes, tsakiya fumfuna. Wayoyi suna tsatsa a hankali. Yau gilashi ya ƙi sauka, gobe giya ta ƙi shiga, jibi ƙwaƙwalwar motar ta mutu ɗungurungum.

Nan ne lissafi yake juyewa. Kayan gyaran da ke Ƙofar Ruwa, sabo ko na hannu, da dala ake shigo da su. A farkon Yunin 2023 dala a farashin gwamnati tana wajen naira 460; kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Ga tallafin man fetur da aka janye ran 29 ga Mayun 2023, ya ɗaga kuɗin dakon kowane ƙarfe. Mu kuwa da hatsi muke biya. A 2025 masara da gero suka faɗo, kowa ya gani, amma fitila da lagireto ba su biyo su ƙasa haka ba. Watau abin da buhu ɗaya yake gyarawa a da, sai an ƙara masa ɗan'uwa. Sa'an nan bakaniken garinmu, Allah Ya saka masa, birki da juyen mai da kwancen inji ya iya. Cutar waya sai an kai birni an sa na'ura. Ga kuɗin janwe, ga kasuwa biyu ko uku sun wuce ka kana zaune a gareji.

Saboda haka kada a yi ciniki da dare, kada kuma a yarda da bakaniken da dillali ya kawo. Ka zo da naka, ka biya shi ladansa. A gindin gilashin gaba ta wajen direba akwai lambar shasi mai harafi da adadi 17. Yaro mai waya zai nemo maka tarihinta, sau da yawa har da hotonta a filin gwanjo kafin a taɓa ta. A bi jikinta da maganaɗisu, inda ya ƙi kamawa ciko ne. A ɗaga shimfiɗar ƙasa a shinshina, a leƙa ƙarƙashin kujera da ramin safaya ko akwai tsatsa ko yashi. Yadda ba ka sayen buhu sai ka soke shi ka ga ƙwayar tsakiya, haka nan.

Ga masu sayarwa kuma, har da namu da suka gaji da tasu suke neman wanda za su jibga wa. Mun karanta a babin ciniki na Risala cewa ɓoye aibi bai halatta ba, kuma wanda ya tarar da tsohon aibin da aka ɓoye masa yana da ikon mayarwa. Sai dai mayar da mota bayan kuɗi sun shiga hannu uku, wannan sai doguwar shari'a. Gara tun a wurin ciniki mai ita ya faɗi abin da ya same ta, a rubuta a takardar sayarwa gaban shaidu biyu, bakanike ya faɗi kuɗin gyara a farashin ranar, a cire shi daga tayi kafin a ce an sallama.